Tsohon Kwando da Garejin Alhaji Ɗalhatu

A gabana aka ƙulla maganar, bayan la'asar, a wani shagon shayin karak, mai madara da kayan ƙanshi, da ke unguwar Mesaimeer a Doha. Ghali, direban da ke ɗauko wa garejinmu kayan gyara, ya ajiye kofinsa ya dubi Zainulabideen.

"Furofesa, ka huta da wahalar bas da metro. Kullum da safe ni zan kai ka jami'a, da yamma in ɗauko ka. Ko riyal ba na so."

Zainulabideen ɗan Zariya ne, yana digiri na biyu a kan yadda ake gadon sarauta a ƙasashen duniya. Ya yi dariya ya ce, "To ni da me zan biya ka?"

"Da baki. Ka san Alhaji Ɗalhatu na kwance, kaɗaici ya ishe shi. In na ɗauko ka sai mu biya ta wajensa, ka ba shi labarin sarkin nan naka na Meksiko, wanda ka ba ni ran nan a mota. Kaɗan-kaɗan, kamar wasan rediyo."

"Shi ke nan?"

"Khalas."

Suka tafa. Ni kuwa shayin ya daina yi mini daɗi. Na yi tuƙi a Legas, na yi a Kwatano, na yi a Jidda kafin ƙafata ta kawo ni Doha, kuma duk inda na zauna na ga masu kyauta iri-iri. Ghali ba ya cikinsu. Mutum ne da in ya rage maka hanya sai ka biya kuɗin mai, ka kuma saya masa shawarma. Me ya gani a jikin ɗalibin da ba shi da komai sai jakar littattafai?

Ga yadda abubuwa suke a lokacin. Alhaji Ɗalhatu, mutumin Malumfashi, shi ne foman na garejinmu a Sana'iyya, unguwar masana'antu, tun kafin wasu yaran garejin su san Doha. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagunsa ya yi nauyi, ya yanke shawarar komawa gida. Kafil ɗinmu, mai garejin, ya yarda da shi ƙwarai, har ya ce masa, "Duk wanda ka nuna, shi ne foman." Kowa kuma ya san wanda za a nuna: Ƙasimu, ɗan ƙaninsa marigayi, wanda ya taso a hannunsa, yake riƙe da ƙaramin sashen fenti a layin baya. Alhaji na da ɗa na cikinsa, Badaruddeen, amma bai daɗe da zuwa ba, hannunsa bai nuna a aiki ba. Shirin shi ne Ƙasimu ya riƙe gareji ya koyar da ƙanin nasa Badaru.

A kan wannan alkawari Ƙasimu ya kawo matarsa Maimunat da bizar ziyara, ya kama gida a unguwar Nu'aija. In ya zama foman, albashinsa zai isa a ba ta izinin zama. In bai zama ba, sai ta koma.

Ranar farko na bi su, don in ji da kunnena. Mun tarar da Alhaji a kan kujera, an lulluɓe shi da bargo biyu saboda sanyin na'ura, ba ya kuma yarda a kashe ta. Zainulabideen ya gaishe shi ya zauna a ƙasa.

"Alhaji, sarkin sunansa Tezozomoc, sarkin wani birni da ake kira Azcapotzalco."

"Wa?"

Ya maimaita.

"Bar shi, yaro. Da lafiyata ma harshena ba zai ɗauka ba. Ci gaba."

Zainulabideen ya iya ba da labari, wannan ba na hana shi. Ya ce biranen ƙasar a bakin wani babban tafki suke, kowane birni da sarkinsa. Wannan sarki ya fi su duka dabara. Maimakon ya yi ta ƙone garuruwa, sai ya riƙa ɗora 'ya'yansa maza a kan gadon biranen maƙwabta, 'yarsa kuma ya aurar wa wani sarkin, har ya zama duk inda ka juya a bakin tafkin jininsa ne ke mulki. Ya ce marubutan tarihinsu sun ce ya tsufa ƙwarai, har jikinsa ya daina riƙe ɗumi, aka riƙa ajiye shi a cikin kwando da aka shimfiɗe da auduga, daga cikin kwandon yake ba da umarni.

Alhaji ya yi dariya har ya yi tari. Ya ɗaga gefen bargonsa da hannun dama, ya dube ni. "Tanko, ka ji ɗan'uwana! Tsohon kwando. Shi ma ya zuba nasa a ko'ina, kamar yadda na zuba nawa a Sana'iyya."

"Ai Alhaji ka fi shi," in ji Ghali. "Shi bai san Land Cruiser ba."

Aka yi dariya. Ni ina kallon Ghali. Ba labarin yake saurare ba, fuskar Alhaji yake karantawa.

Zama na gaba aka zo kan rasuwar sarkin. Zainulabideen ya ce kafin tsohon ya cika ya nuna ɗansa Tayatzin a matsayin magaji. Amma akwai wani ɗan, Maxtla, wanda uban ya ba wani birni ya riƙe, ya goge da mulki, yana da mutanensa. Ana gama jana'iza ya haye gadon, ya bar Tayatzin da sunan ɗan sarki kawai.

Alhaji ya ɗago kai. Can ya ce, "Shi wannan Mashtila, lokacin da tsohon ke kwance, yana zuwa dubiya?"

"Ban ga an rubuta ba, Alhaji. Amma ai ɗa ne, da wuya a ce bai zo ba."

Bai rufe baki ba aka yi sallama. Ƙasimu ne, da kayan aikinsa masu ɗigon fenti, riƙe da kular abinci. Kullum haka yake zuwa tun da Alhaji ya kwanta.

"Baffa, ya jikin? Ga farfesun kan rago, Maimunat ta ce ba ta sa gishiri da yawa ba."

Ghali ya dubi Ƙasimu. Tashi kawai ya yi daga kujerar da ke kusa da Alhaji, ya karkaɗe ta da hannu, ya ce, "Bismillah, mai gida na gobe."

Na ga idon Alhaji ya bi kujerar, ya bi Ƙasimu, ya sauka a kan kular.

"Ajiye can," ya ce. "Na ƙoshi."

Washegari na tare Ghali a bakin gareji yana sauke batura.

"Ghali, me kake shukawa?"

"Ni? Baba Tanko, lada nake nema. Ko nishaɗantar da mara lafiya ya zama laifi?"

"Labarin nan ka riga ka ji shi har ƙarshe."

"Na ji. Shi ya sa na san zai yi masa daɗi." Ya yi murmushi. "Ka taɓa jin na ambaci sunan wani? Tarihi ne fa, a littafi yake. Ko ni na rubuta shi?"

Gaskiyarsa, bai ambaci kowa ba. Wannan ne ya fi damuna.

A zama na uku aka kai ga maganar gida. Zainulabideen ya ce ruwayoyi sun saɓa, amma wadda ta fi yaɗuwa ita ce an ba Tayatzin shawara ya gina sabon gida, ya gayyaci ɗan'uwansa bikin shiga, a shaƙe shi a can. Maganar ta kai kunnen Maxtla, sai ya riga shi. Ya sa aka gina gidan cikin gaggawa, ya gayyaci Tayatzin biki, daga nan Tayatzin bai fita da rai ba.

"Da bakinsa ya gayyace shi?" in ji Alhaji.

"Haka aka ce."

"Shi kuma ya tafi?"

"To Alhaji, ɗan'uwanka ya gayyace ka sabon gida, yaya za ka ƙi?"

Sai a lokacin na tuna. Tun makon da ya wuce Ƙasimu ya gaya mana a gareji cewa zai yi walimar shiga gidansa na Nu'aija, Ghali ma shi ya ɗauko masa kujeru. Mu duka mun sani. Alhaji ne kaɗai ba a gaya wa ba tukuna, don Ƙasimu na jiran jikin ya ɗan yi sauƙi ya faɗa masa da kansa, kamar yadda ya kamata.

Na so in tare Ƙasimu in gargaɗe shi, amma kafin in samu dama ya riga ya iso wajen Alhaji. Ina zaune ya durƙusa gaban Alhaji.

"Baffa, Juma'a mai zuwa nake son a yi addu'ar shiga gida. Ba na son kowa ya buɗe addu'ar sai kai. Zan zo da mota in ɗauke ka, akwai lif, ba hawan bene. Badaru kuma ya zo da wuri, tun safe."

"Me ya sa Badaru tun safe?"

Ƙasimu ya ɗago kai, tambayar ta ba shi mamaki. "Ya taya ni shimfiɗa tabarmi, Baffa. Ƙanina ne."

"Yaushe ka kama gidan?"

"Ai na gaya maka tun kafin Maimunat ta zo."

"Ka gaya mini kana nema. Ba ka ce ka samu ba. Da wane albashi za ka riƙe gida a Nu'aija?"

"Baffa, ai kai ka ce…"

"Na ce. To ka ga na mutu ne, ko ka ga na hau jirgi?"

Ƙasimu ya sunkuyar da kai. Ya yi sallama ya fita, ya manta ma da hularsa a kan tabarma.

Da muka rage mu biyu na matsa kusa. Ni da Alhaji sa'o'in juna ne, ina iya gaya masa abin da yara ba za su iya ba.

"Ɗalhatu, ka ji tsoron Allah. Yaron nan a cinyarka ya yi wayo. Kana nufin zai shaƙe Badaru a kan tabarmar walima?"

"Kai ma ka san ba a sa wa mutum igiya a wuya a Doha, Tanko. Magana ɗaya foman zai yi wa kafil, ya ce wannan ba ya aiki. A soke biza, a kai shi filin jirgi. Ina Malumfashi kwance, wa zai tsaya wa Badaru?"

"Ƙasimu mana."

"Haka tsohon kwando ya zata." Ya gyara bargo. "Ka lura da shi kuwa? Kullum yana nan. Kullum ya jiki, ya jiki. Yana auna saura nawa ne."

"Da bai zo ba ka ce ya yi maka butulci."

"Jiya kafil ya kira shi a waya, a gabana. Me ya haɗa kafil da mai fenti?"

"Motar ƙanin kafil ce a hannunsa, ni na kawo ta!"

"Kai ka kawo ta." Ya dube ni ta gefen ido. "Kai ma kwanan nan ba ka rabo da gidan nan. Me ya yi maka alkawari? Zai bar ka a kan babbar mota ne?"

Na ce, "Tambayi kanka wa ya kawo maka mai labari, kuma me ya sa ya zaɓi wannan labarin."

"Ghali? Ghali ba jinina ba ne, ba ya cikin gado, me zai samu? Bare ai bai isa ya taɓa ɗana ba, ya san alfarma aka yi masa. Na jiki shi ke ganin haƙƙinsa ne."

Nan na gane ba shakka kawai ta shige shi ba, har ya fara neman wanda zai maye gurbin.

Na je wajen Ƙasimu a sashen fenti na warware masa komai. Ya cire abin rufe hanci ya zauna a kan gwangwani.

"Baba Tanko, wani sarkin Meksiko da ya mutu tun kafin kakanninmu? Shi zai raba ni da Baffa?"

"Shi. Ka ɗaga walimar nan."

"In ɗaga in ce me? Na gayyaci mutane, Maimunat ta jiƙa shinkafar tuwo, ta fito da daddawar da ta zo da ita. Kuma in na ɗaga ai cewa zai yi asirina ne ya tonu."

"To rage zuwa dubiya."

"Ubana na kwance in rage zuwa? Mutane su ce me?"

Duk hanyar da na nuna masa, sai mu ga Alhaji zai iya karanta ta a juye. Ya ci gaba da zuwa kullum da kularsa. Kullum kuma Alhaji ya sa a ajiye ta can, daga baya Ghali ya cinye.

Saura Zainulabideen. Na neme shi, ashe Ghali ya daina ɗaukarsa tun ranar labarin gidan, wai an ƙara masa aiki. Na same shi a tashar bas ya haɗa gumi. Da na gaya masa abin da bakinsa ya haifar, sai ya dafe kai.

"Inna lillahi! Baba, ai labarin bai ƙare ba. Rigimar 'yan'uwan ce ta raunana gidan, biranen da suke yi musu biyayya suka haɗa kai suka ci birnin da yaƙi. Bare ne suka gaje komai. Kuma Maxtla ƙwace ya yi, shi Ƙasimu ai ba shi aka yi niyyar yi. Ko kusa ba su yi kama ba."

"Yalla, shiga mota. Ka faɗa masa haka."

Alhaji ya saurare shi har ya kai aya, bai katse shi ba. Sannan ya ce, "Malam Zainu, da ka zo da Ghali ba ka faɗi wannan ba. Yau ka zo da Tanko, labari ya sake. Gobe in ka zo da Ƙasimu, Mashtila zai zama waliyyi ko?"

"Wallahi Alhaji a littafi yake, zan iya nuna maka."

"Da Turanci? Ka nuna wa wa? Na gode, Allah ya ba da sa'ar karatu."

Ranar Juma'a muka taru a gidan Ƙasimu bayan masallaci. Gida ne ƙarami, ɗaki da falo, sai ƙanshin turaren wuta da miyar taushe. An shimfiɗa tabarmi, an ajiye kujera ɗaya mai hannu da matashi saboda Alhaji. Ƙasimu ya je ɗauko shi, ya dawo shi kaɗai. An ce masa Alhaji na barci, Badaru kuma ya fita, wayarsa a kashe.

Ba wanda ya taɓa abinci, don ba a ci kafin addu'a, kuma kowa ya san wa aka ajiye wa addu'ar. Muka yi ta hira ta dole. Wani ya kawo zancen ƙwallo, zancen ya mutu. Daga kicin Maimunat ta aiko a tambaya ko a sake ɗumama miya. Ƙasimu na ta leƙa taga duk da ya san ba mai zuwa.

Da la'asar ta gabato ya matso kusa da ni. "Baba Tanko, kai ne babba a nan. Buɗe mana."

Na buɗe. Muna shafawa wayar wani makanike ta yi ƙara, ya duba, ya miƙo mini. Hoto ne a zauren garejinmu na waya: Alhaji a kan keken marasa lafiya a majalisar kafil, Badaru na tsaye a bayansa, Ghali na gefe ya sha farar jallabiya, kafil na riƙe da hannun Ghali. Ashe lokacin da muke jiran Alhaji, can Ghali ya kai shi, Alhaji ya nuna shi a matsayin foman.

Ƙasimu ya karɓi wayar ya duba. Ya mayar wa mai ita, ya ce, "Jama'a, bismillah, tuwo zai huce." Da kansa ya zuba wa kowa. Ban ga ya kai loma bakinsa ba.

Alhaji ya tafi gida a ƙarshen watan. Ƙasimu ya raka shi filin jirgi, shi ya tura kekensa har inda aka tsayar da masu rakiya. Alhaji ya ce masa, "Ka yi wa Ghali biyayya," ya ce, "To, Baffa."

Bizar Maimunat ta ƙare, ba albashin da zai riƙe ta, ta koma Katsina wajen iyayenta da cikinta. Ƙasimu ya saki gidan Nu'aija ya koma ɗakin ma'aikata a Sana'iyya, gado na sama. Ghali bai kore shi ba, ba shi da wauta, ya san ba mai fenti kamarsa. Badaru ne Ghali ya taɓa. Bai kai shi filin jirgi ba, cewa ya yi hannunsa bai dace da inji ba, ya mayar da shi wankin mota, ya ɗauko ƙanin matarsa daga Gusau ya sa a gurbinsa. Yanzu in Badaru ya tashi aiki, layin baya yake zagayawa, Ƙasimu na koya masa haɗa fenti a ɓoye.

In ana lissafin wanda ya ci da wanda aka ci, Ghali ya samu gareji a kan kuɗin man mota na 'yan kwanaki kawai. Zainulabideen ya samu mota kyauta na ɗan lokaci, ya kuma gama digirinsa, sai dai ko tarihin Zazzau ka tambaye shi yanzu sai ya fara tambayar wa ke saurare. Kafil bai yi asarar komai ba, motoci na shiga suna fita. Ƙasimu ya rasa matsayi da gida, matarsa ta haihu ba ya kusa. Badaru ya rasa sana'ar da aka kawo shi ya koya. Alhaji kuwa yana can Malumfashi, na kira shi da sallah, ya ce in gaida Ghali, ya kuma roƙe ni in riƙa sa ido a kan Ƙasimu.